Faifan The Best of Jim Reeves: wane bugu za a saya, da wace allura za a ji shi

Waƙa goma sha biyu ce a cikinsa, shida a kowace fuska, duka-duka kusan rabin awa. Kamfanin RCA Victor ne ya fitar da shi a 1964, shekarar da mawaƙin ya mutu, ya kuma hau saman jadawalin faya-fayan kantiri, wato waƙoƙin karkarar Amurka, na mujallar Billboard, jadawalin da shi kansa a watan Janairun wannan shekara aka soma shi. Tun daga lokacin ake ta sake buga shi a Amurka da Ingila da wasu ƙasashe, shi ya sa har yau ba ya wuyar samu, ba ya kuma tsada. Wanda ya taso yana jin zaɓi sonka na Turanci a rediyo ya san muryar ko da bai san sunan mai ita ba, domin Jim Reeves na cikin mawaƙan kantiri da suka fi shiga ran mutane a Najeriya, tun kafin zamanin kaset ya kawo su Don Williams da Dolly Parton.

Faifan ya cancanci kuɗinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne suna ɗaya ya rufe kaya iri-iri. Akwai bugun mono, mai sauti ɗaya a dunƙule, akwai na sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, akwai sitiriyon da na'ura ta ƙirƙira, akwai mai kauri, akwai wanda ke lanƙwasa a hannu kamar faifan rufe ƙwarya. Mai saye bai san wanne ya ɗauko ba sai ya dubi lamba da takardar tsakiya. Kuma tun da abin da ake biya a nan murya ce guda ɗaya, mai taushi, wadda aka naɗa dab da makirufo, ƙaramin kuskure wajen zaɓen bugu ko allura ya isa ya ɓata ta.

Reeves mutumin gabashin Texas ne, haifaffen 1923. Da wasan besbol ya fara neman abinci, rauni ya raba shi da fili, ya koma sanarwa a rediyo har ya kai tashar KWKH da ke Shreveport a jihar Louisiana. Waƙoƙin da suka fara fito da shi, Mexican Joe da Bimbo, a ƙaramin kamfanin Abbott ya yi su a 1953, kuma wanda ya ji su zai yi shakkar ko mutum ɗaya ne: murya a sama, da ƙarfi, ga goge irin na Turawa yana kuka a bayanta. Haka ake waƙar kantiri a lokacin, salon gidajen rawa da Hank Williams ya bari lokacin da ya mutu ranar 1 ga Janairun 1953 yana da shekara 29. Sai ga Elvis Presley ya shigo RCA a ƙarshen 1955, samari suka bi shi, kasuwar kantiri ta yi sanyi. Maganin da masu shirya naɗi Chet Atkins na RCA da Owen Bradley na kamfanin Decca suka samo shi ne a cire gogen nan da jitar ƙarfe mai kuka, a kawo piyano da 'yan amshi masu murya a daidaice, a rage gudu. Shi ne abin da aka riƙa kira sautin Nashville, da sunan birnin da ake naɗar waƙoƙin.

Four Walls, waƙa ta biyu a fuskar farko, ita ce mahadar. A watan Fabrairun 1957 aka naɗe ta. Reeves ya sauke murya ƙasa, ya matso da baki kusa da makirufo kamar yadda ya saba a ɗakin sanarwa. Makirufo mai karɓar sauti daga gaba yana da wata ɗabi'a da duk ma'aikacin rediyo ya sani: iya matsowar baki, iya ƙaruwar kaurin murya. Wannan kauri da ake ji kamar mutum na magana a kunnenka, rabi baiwa ce, rabi dabarar tsayuwa ce. Waƙar ta hau lamba ɗaya a jadawalin kantiri, ta kuma tsallaka cikin jadawalin waƙoƙin gama-gari, abin da kamfanin ke nema ke nan.

Amma da He'll Have to Go aka buɗe faifan, kuma an yi daidai. Joe Allison da matarsa Audrey ne suka rubuta ta, aka naɗe ta a watan Oktoban 1959 a ɗakin naɗi na RCA da ke Nashville, wanda daga baya aka sa wa suna Studio B. Labarin gajere ne: mutum yana mashaya, ya kira matar da yake so a wayar tarho, ya gane akwai wani namiji a wurinta, yana roƙon ta zaɓa. Bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Kayan kiɗan kaɗan ne, kuma kowanne na da wurinsa: piyanon Floyd Cramer, babban bas na tsaye a hannun Bob Moore, gangar Buddy Harman da kusan ba a jin ta, wata na'ura mai sandunan ƙarfe da ke ba da ƙara kamar ƙararrawa mai rawa, sai 'yan amshin Anita Kerr can baya. Tun a baitin farko akwai wurin da muryar ke gangarawa ƙasa sosai ta tsaya a kan sauti ɗaya. Wannan gaɓa ita ce ma'aunin kowane garmaho da kowace lasifika. Idan sautin ya fito a dunƙule, yana da jiki, kayan sun yi. Idan ya yi kurum kamar an rufe bakin tulu, ko ya kama ɓari, akwai gyara. Waƙar ba ta kai minti biyu da rabi ba, amma ta yi mako 14 a lamba ɗaya a jadawalin kantiri a 1960, ta kai lamba biyu a na gama-gari. Abin dariya, a bayan ƙaramin faifai aka fara sa ta, kamfanin na tallata waƙar da ke ɗaya fuskar, masu gabatar da shiri a rediyo ne suka kife faifan. Har wata mawaƙiya, Jeanne Black, ta yi mata raddi da bakin matar a shekarar.

Waƙar da ta fi kowace ƙarfin labari ita ce ta ƙarshe a fuskar farko, The Blizzard, rubutun Harlan Howard, ta 1961. Mahayi ne guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da shi a daji, dokinsa ya gurgunce, yana ta lallashinsa suna ƙirga sauran nisan da ya rage zuwa gida. Nisan na raguwa baiti bayan baiti. Da gari ya waye aka same su dab da ƙofa, mutumin ya ƙi barin dokin. Ɓangaren ƙarshe ba rera shi Reeves ya yi ba, faɗa ya yi da muryar mai karanta labarai, kuma nan ne tsohon aikinsa ya yi masa rana. Ita ce ta fi tsawo a faifan, ta haura minti uku.

Sauran ba su kai waɗannan ba, amma ba su zubar da mutunci ba. Billy Bayou ta Roger Miller ita ce mai raha da sauri, ta kuma hau lamba ɗaya. Blue Boy ta Boudleaux Bryant ce, Anna Marie ta Cindy Walker. Am I Losing You da I'm Gettin' Better Reeves ne ya rubuta abinsa. Adios Amigo, ta 1962, bankwanan abokai biyu ne da suka so mace ɗaya. Guilty, ta 1963, ita ce mafi sabunta a cikinsu. Biyu ne za a iya yi wa ƙorafi. Stand at Your Window ba ta yi tashen da zai ba ta kujera a faifan da ake kira mafi kyau ba, alhali an bar Home, wadda ta kai lamba biyu a 1959. Danny Boy kuwa tsohuwar waƙa ce da mawaƙa barkatai suka yi, ya rera ta tsaf, sai dai cike gurbi ce.

Giɓin da zai fi damun mai saye a nan ƙasar daban ne. Waƙoƙin da aka fi sanin Reeves da su a wajen Amurka da yawa ba sa ciki. Babu Welcome to My World, babu I Love You Because, babu I Won't Forget You, babu Distant Drums, babu ko ɗaya daga waƙoƙinsa na coci irin waɗanda ke cikin We Thank Thee na 1962. An tsara faifan ne bisa abin da ya yi kasuwa a jadawalin Amurka, alhali kunnen Afirka ya fi bin abin da ya yi tashe a Ingila. Wanda ya saye shi don ɗaya daga waɗannan zai ji an cuce shi, don haka a karanta bayan bango kafin a miƙa kuɗi.

Duk da haka akwai dalilin fifita shi a kan tarin da suka biyo baya. Ranar 31 ga Yulin 1964 ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya da Reeves ke tuƙawa da kansa ya faɗi cikin hadari kusa da Brentwood, kudu da Nashville, shi da makaɗin piyanonsa Dean Manuel. Sai ranar 2 ga Agusta aka gano tarkacen. Yana da shekara 40. Ya bar naɗe-naɗe masu yawa, wasu na gwaji ne kawai, matarsa Mary da kamfanin suka riƙa fitar da su shekara da shekaru, ana ɗora musu sabon kiɗa. Distant Drums haka aka yi ta, ta kuma yi mako biyar a lamba ɗaya a Ingila a 1966. A 1981 har haɗa muryarsa aka yi da ta Patsy Cline a waƙa ɗaya, alhali ba su taɓa naɗar waƙa tare ba, ita ma hatsarin jirgi ne ya kashe ta a watan Maris na 1963. Wasu ɗore-ɗoren sun yi kyau, wasu sun danne muryar da tarin goge. Waƙa goma sha biyun da ke wannan faifai kuwa duk da ransa aka gama su, aka fitar da su, tsakanin 1957 da 1963.

Yanzu batun bugu. A bugun Amurka lambar faifan 2890 ce, haruffan da ke gabanta su ne labari. LPM mono ne, LSP sitiriyo. A bugun Ingila RD ne mono, SF sitiriyo. Sai a 1958 faifan sitiriyo ya shiga kasuwa sosai, saboda haka waƙa irin Four Walls ta farkon 1957 a mono aka haife ta. Da sitiriyo ya zama abin yayi, kamfanoni suka riƙa ɗaukar naɗin mono suna raba shi biyu da na'ura: a tura kaurin sauti lasifikar hagu, siririn sauti ta dama, a jinkirta gefe ɗaya kaɗan, a ƙara amsa-kuwwa. RCA kan sa ƙaramin harafin e a ƙarshen lamba don nuna an yi haka, wani lokaci da ɗan rubutu a bango. A kiɗa mai hayaniya ana iya haƙuri da wannan. A muryar Reeves ɓarna ce tsantsa, domin mutumin da ya kamata a ji shi a tsakiya, kusa, sai ya koma kamar yana waƙa daga cikin rijiya. Danna maɓallin mono a amfilifaya ba ya mayar da ita yadda take, saboda jinkirin da aka sa tsakanin gefe biyun yana sa wasu sautuka su cinye juna idan aka haɗe su. Shi ya sa a wannan faifai LPM ko RD ya fi kwanciyar hankali. Asarar kawai ita ce waƙoƙin baya-baya, waɗanda aka naɗa da sitiriyo na gaske, za a ji su a dunƙule, kuma ba wata babbar asara ba ce ga waƙar da murya ɗaya ke ɗauke da ita.

Takardar tsakiya tana faɗin shekaru. Bugun farko na Amurka baƙar takarda ce da hoton karen nan da ke leƙa bakin garmaho a sama. Daga ƙarshen 1968 RCA ya koma takarda ruwan lemo, ba kare. Ba da jimawa ba ya shigo da Dynaflex, faifai siriri da nauyinsa ke kusa da giram 90, ana iya lanƙwasa shi da yatsu biyu. Wasu Dynaflex ɗin ba su da hayaniya ko kaɗan, domin robar mai kyau ce, amma a ƙasa mai zafi su ne farkon karkacewa. A santsin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takarda akwai lambobi da aka buga: wadda ke ƙarewa da 1S ko 2S ko 3S tana nuna yanka na farko-farko, babbar lamba na nuna na baya. Harafi guda da ke gefe yana nuna masana'anta, I na Indianapolis, R na Rockaway, H na Hollywood. Masu tara faifai na ƙara kuɗi a kan ƙaramar lamba, amma 1S da ya sha allura mara kyau bai kai 10S mai tsabta ba. Faya-fayan da ke da tambarin Camden, masu lamba CAL ko CAS, layin araha ne na RCA, kuma waƙoƙin cikinsu daban ne ko da hoton bangon ya yi kama.

Wajen dubawa, a fitar da faifan a riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu, a karkata shi a hasken rana ko tocilan. Ƙananan zane-zane da ba a jin su da farce yawanci ba sa magana. Wanda farce ya maƙale a kansa zai yi ƙas-ƙas a kowane zagaye. Abin da ya fi zane muni shi ne layukan su yi fari-fari ko toka-toka maimakon baƙi mai sheƙi. Wannan alama ce ta tsohuwar allura ta cinye bangon layin, kuma babu wankin da ke gyara shi: duk inda murya ta ɗan ɗaga za a ji ta tana yagewa. A dubi ramin tsakiya ma. Idan kewayensa cike yake da 'yan zane, an sha ɗora shi ana laluben ƙusa, wato ya sha kiɗa. Sannan a ɗora shi a kan tebur mai shafe, ko a dube shi ta gefe a daidai ido, don ganin ko ya yi kwano. Masu sayarwa a intanet na amfani da haruffa: NM kusan sabo, VG+ an yi amfani da shi amma lafiya lau, VG ana jin hayaniya a wurare masu shiru. Faifan kiɗa mai ƙarfi na iya wucewa da VG. Wannan ba zai wuce ba, domin shirun da ke tsakanin kalmomi rabin waƙar ne. Kada a sauka ƙasa da VG+. Idan daga waje za a aiko, kuɗin aike kan fi kuɗin faifan, saboda haka gara a haɗa uku ko huɗu, a kuma ce wa mai sayarwa ya fitar da faifan daga bangonsa ya ajiye su gefe da gefe a kwalin, in ba haka ba girgizar hanya na sa kaifin faifan ya tsaga bangon.

Garmahon da zai ɗauke shi ba sai mai tsada ba, amma ƙananan nan masu siffar akwati da lasifika a jiki ba su dace ba. Allurarsu kan danna da nauyin giram 5 zuwa 6, bakin allurar sau da yawa ba na daiman ba ne, yana cinyewa cikin 'yan gomman awoyi, lasifikar kuma ba ta iya fitar da kaurin muryar da aka sayi faifan dominsa. Kan allura irin AT-VM95C na Audio-Technica, mai zagayayyen baki, yana aiki da giram 2, kuma ya wadatar. Zagayayyen baki ma ya fi yi wa tsohon faifai sassauci, ba ya tono duk wata hayaniyar da ke ƙasan layi, faya-fayan RCA masu tambarin Dynagroove kuma, waɗanda aka soma a 1963, dama da irin wannan allura a rai aka yanka su. A auna nauyin da ƙaramin sikeli mai lamba, a daidai tsayin da faifai ke zama. Nauyin da ya yi kaɗan ma ɓarna ne, domin allurar na tsalle-tsalle a cikin layi tana bugun bangonsa. Tsohuwar dabarar ɗora kwabo a kan hannun garmaho idan yana tsallake waƙa ita ta kashe faya-fayai da yawa. Tsallakewa alama ce ta datti, ko karkacewa, ko teburin bai daidaita ba, a nemi dalilin.

Allurar sitiriyo tana karanta faifan mono ba matsala, kuma a nan maɓallin mono na da amfani na gaske: yawancin ƙas-ƙas ɗin datti motsin sama da ƙasa ne, kiɗan mono kuwa motsin gefe da gefe ne, haɗe gefe biyun na rage hayaniyar. Akasin haka ne haɗari. Tsohon kan allura na mono, irin na rediyogiram ɗin da, ba ya motsi sama da ƙasa, idan aka ɗora masa faifan sitiriyo sai ya nome layin. Garmahon da ke da allura mai juyawa fuska biyu kuma, a tabbata gefen LP, wato na dogon faifai irin wannan, ke ƙasa. Gefen 78 ya ninka kauri kusan sau uku ko fiye, an yi shi ne don tsofaffin faya-fayai masu fashewa.

Akwai wata matsala da ta shafi duk wanda ya sayi tsohon garmaho daga Amurka. Wutar can bolt 120 ce mai bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce mai bugawa sau 50. Taransifoma na gyara ƙarfin wuta, ba ya taɓa yawan bugun. Injin tsofaffin garmaho da yawa da wannan bugu yake ƙirga gudunsa, saboda haka maimakon zagaye 33 da sulusi a minti sai ya yi wajen 28. Muryar Reeves dama a ƙasa take, idan aka rage mata kashi ɗaya cikin shida sai ta koma gurnani, kuma mutum na iya zargin faifan. Gwajin ba ya cin ko sisi: a manna 'yar takarda a gefen farantin, a ƙirga. Zagaye 100 cif ya kamata ya yi a minti uku. Idan 83 ya yi, matsalar bugun wuta ce, maganinta canza ɗan gurun da bel ke zagayawa a kan injin zuwa na 50, ko a nemi garmahon da ke daidaita gudunsa da kansa. Idan 97 ko 98 ya yi, bel ne ya saki ko man injin ya daskare. A kan ƙaramin janareto irin wannan garmaho yana hawa da sauka duk lokacin da firji ya tashi, kuma piyanon Floyd Cramer ne zai fara tona asiri, sautinsa ya riƙa lilo. Sai kuma gunjin nan mai zuwa ta lasifika tun kafin allura ta sauka: yawanci siririyar wayar da ke fitowa tare da wayoyin sauti ce ba a ɗaure ta a ƙusar bayan amfilifaya ba. Idan kuwa sautin ya fito can ƙasa-ƙasa, siriri, ba kauri, an cusa wayar a ramin da ba na garmaho ba. Ramin da aka rubuta wa Phono shi ke ƙara ƙarfi ya kuma mayar da kaurin da aka rage da gangan lokacin yanka faifan. Amfilifayar da ba ta da shi tana buƙatar ƙaramin akwati na daban a tsakani.

Wanki: tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba ruwan asid ɗin ba, a tabbatar da wannan wajen saye. Kashi huɗu na ruwan, kashi ɗaya na sinadarin isopropyl, ɗigo ɗaya na sabulun ruwa a rabin lita. A shafa da tsumma mai laushi ana bin zagayen layi, kada a ratsa shi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. A ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a jingine shi ya bushe da kansa a inuwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a cikin layi bayan ya bushe, hayaniyar ta fi ta da. Wannan haɗi na faifan roba ne kawai. Idan sinadarin ya taɓa tsohon faifai mai gudun 78, narkar da fuskarsa yake yi.

Da hunturu iska ta bushe, robar na tara wuta a jikinta tana jan ƙura kamar maganaɗisu, har a ji tana ƙara idan an zare ta daga jaka. A share da burushi mai laushi kafin kowane ji, a goge bakin allura daga baya zuwa gaba, ba gefe da gefe ba, a maye tsohuwar jakar takarda ta ciki da mai rufin leda. Da bazara kuwa zafi ne abokin gaba. Robar faifai na fara saki tun wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe a ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri na iya kaiwa nan. A jera su a tsaye, ba a kwance an ɗora wani kan wani ba, ba kuma a jingine a karkace ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka.

Wanda ba ya son wannan hidima, waƙoƙin duk suna nan a CD da manhajojin sauraro, amma can ma sai an duba. A Turai haƙƙin mallakar naɗin da aka fitar kafin 1963 ya ƙare, shi ya sa kasuwa ta cika da tarin Jim Reeves masu arha daga kamfanonin da ba su taɓa riƙe tef ɗin asali ba. Daga faifai suke kwafa, su bi da na'urar share hayaniya har numfashin mawaƙin ya tafi tare da ƙas-ƙas ɗin. Alamarsu ita ce jerin waƙoƙin ya tsaya cak a 1962, babu Guilty, babu tambarin RCA ko Sony a baya. Am I Losing You ma sau biyu ya naɗe ta, ta farko ta yi tashe a 1957, ta biyu a 1960, kuma masu irin wannan tari ba sa faɗin wacce suka sa. Mai son komai da komai, kamfanin Bear Family na Jamus ya fitar da akwati mai CD 16 a 1994 da sunan Welcome to My World, wanda ya haɗo har da zamanin Abbott. Yana da nauyi, yana da tsada, kuma ya fi ƙarfin mai son jin waƙa goma bayan sallar isha'i.

Idan ana haɗa kwali ɗaya don rage kuɗin aike, faya-fayai biyu na wannan zamani sun dace su raka shi. Greatest Hits na Patsy Cline, wanda Decca ya fitar a 1967, shi ma waƙa goma sha biyu, shi ne ɓangaren Owen Bradley na wannan salo, kuma sitiriyonsa na gaske ne tun da naɗin duk na farkon shekarun 1960 ne. Gunfighter Ballads and Trail Songs na Marty Robbins, na Columbia a 1959, na wanda The Blizzard ta fi burgewa ne, domin kusan dukkansa labaran mahaya ne da 'yan bindiga, ciki har da El Paso mai fiye da minti huɗu. A lambobin Columbia CL ne mono, CS sitiriyo. A na Decca duka DL ne, sai dai na sitiriyo an ƙara masa 7 a gaban lambar.